Akwatin da ba ya barin ƙasa

Duk wata shida, matuƙin jirgin fasinja sai ya koma ɗalibi. Ko shekara talatin ya yi yana tashi, dole ya shiga simuleta, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, a gwada shi, in bai gamsar ba a ajiye shi har sai ya gyara. Ni ma ina shiga a gwada ni, amma yanzu mafi yawan lokacina a kujerar baya nake, kujerar malami, inda akwai allon da zan taɓa da yatsa ɗaya in kashe inji, ko in lulluɓe filin jirgi da hazo, ko in sa agogon gudu ya fara ƙarya. Daga wannan kujera na ga yadda horon matuƙa ya sauya, kuma sauyin ya fi zurfi fiye da yadda ake gani daga waje.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba, ƙaton akwati ne a kan ƙafafu shida masu miƙewa da janyewa, a cikin ɗaki mai dogon rufi. Ciki kuwa ɗakin tuƙi ne sak, kowane maɓalli a inda yake a jirgi, ga titin sauka a gabanka ta gilashi, ga ƙarar inji, ga girgizar taya a kan kwalta. Mafi daraja a cikinsu shi ake kira mataki na D, kuɗinsa ya haura dala miliyan goma, kuma hukumomi sun yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon jirgi kacokan a cikinsa, ranar farko da zai kama jirgin gaske da fasinjoji a bayansa da malami a gefensa. Kakan wannan akwati wani Ba'amurke ne ya ƙera shi a 1929, Edwin Link, da zugazugan iska daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa. A yaƙin duniya na biyu matuƙa fiye da dubu ɗari biyar suka koyi tuƙi cikin duhu a irin nasa.

A Zariya na fara, a Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama da aka kafa tun 1964. Wanda ya koyi tashi a arewa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin na'urar horo, hunturu ya ishe shi malami. Ƙura kan tashi har layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace. A irin wannan hali kunnenka na ciki, wanda ke gaya maka a tsaye kake ko a karkace, yakan ruɗe ka. Za ka rantse jirgi na tafiya sumul alhali yana kwanciya gefe. Maganin guda ne, ka ƙi jikinka ka gaskata agogo, kuma wannan a ƙasa ake fara koyonsa, inda kuskure ba ya cin rai.

Lokacin da na koma manyan jirage, gwajin wata shida yana da tsari da kowa ya haddace. Za a kashe maka inji ɗaya daidai lokacin da jirgi ya kai gudun da ba a fasa tashi. Za ka zagayo ka sauka da inji ɗaya, za a ce ka fasa saukar, ka sake zagayowa. Mun ƙware a kai ƙwarai, kamar ɗalibin da ya san tambayoyin jarrabawa tun kafin a raba takarda. Kafin injin ya mutu ƙafarka ta riga ta shirya. Tsarin ya samo asali ne daga zamanin da injuna ke yawan mutuwa. Injunan yau kuwa, matuƙi na iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai ga mutuwar inji a sama ba. Abubuwan da ke kashe mutane sun koma wani wuri, gwajin bai bi su ba.

Daren 31 ga Mayu 2009 jirgin Air France mai lamba 447 ya taso daga Rio zuwa Paris da mutum 228. A tsakiyar tekun Atlantika ƙanƙara ta toshe bututun da ke auna gudu, na'urar tuƙi da kai ta saki jirgin a hannun matuƙa. Matsalar agogon ba ta kai minti ɗaya ba, injuna lafiya lau, fikafikai lafiya lau. Amma wanda ke riƙe da sandar tuƙi ya ja hancin jirgin sama, ya ci gaba da ja, har fikafikan suka daina ɗaukarsa. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka daƙiƙa 54 ba yankewa. Cikin kimanin minti uku da rabi jirgin ya faɗo daga sama da ƙafa dubu 37 zuwa ruwa, babu wanda ya tsira. A watan Fabrairun shekarar, wani jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da Buffalo a Amurka, mutum 50 suka mutu, shi ma matuƙin ja ya yi inda ya kamata ya tura. Na karanta rahoton Faransa bayan ya fito a 2012, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matuƙan Air France ɗin sun ci duk gwajin da ni ma nake ci.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Na farko, horon fitar da jirgi daga mummunan yanayi. A da ana koya mana cewa in jirgi ya kusa rasa ɗaukar iska, ka ƙara wuta ka yi ƙoƙari kada ka rasa tsayi. Yanzu abu na farko shi ne ka sauke hanci, tsayi ya tafi in zai tafi. Su kansu simuletocin sai da aka sake musu lissafi, domin a da ba su san yadda jirgi ke yi bayan ya wuce wannan iyaka ba. Amurka ta wajabta wa kamfanoninta wannan horo daga 2019. Ranar da na fara yinsa a tsayin ƙafa dubu talatin da wani abu, na ji yadda hannu ke ƙin tura sanda gaba alhali ƙasa ake nufa. Ilimin yana kai, hannu ne bai yarda ba, kuma maimaici kaɗai ke lallashinsa.

Na biyu shi ne wanda ya fi sauya aikina. A 2013 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fitar da littafin horo bisa hujja. An tattara bayanan da jirage ke naɗa a kowace tafiya, da rahotannin haɗurra, da abin da masu sa ido suka gani zaune a ɗakin tuƙi a ranakun aiki na yau da kullum, aka tambaya: me ke damun matuƙan jiragen zamani a zahiri? Sakamakon shi ne an rage ƙirga atisaye, an koma auna halaye kaɗan da ke ƙarƙashin kowane atisaye, wato tuƙi da hannu, sarrafa na'ura, sanin halin da ake ciki, rarraba aiki, yanke shawara, magana, jagoranci da aiki tare. A sabon tsarin ba na gaya wa kowa abin da zai faru. Wani lokaci ma abin da nake sawa ƙarami ne, fitila ɗaya ta kunnu, mai kula da zirga-zirga ya canza titin sauka a makare, ma'aikaciyar jirgi ta kira ta ce fasinja ya suma. Ɗaya bayan ɗaya ba komai ba ne. In suka taru a minti biyar, a nan ake ganin matuƙi.

Wani zama ba zan manta da shi ba. Kyaftin dattijo a hagu, yaro sabon shiga a dama, dukansu Hausawa. Na sa musu saukar Kano cikin hazo, na juya iska ta koma bayansu. Jirgin ya zo sama da inda ya kamata, da gudu fiye da ƙima. Doka a bayyane take, in saukar ba ta daidaita ba a tsayin da aka ƙayyade, a fasa a zagayo. Yaron ya motsa baki, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ya yi shiru. Suka sauka can tsakiyar titi, da ƙyar suka tsaya. Da muka zauna kallon hoton abin da ya faru, ban ce komai ba, gani ya kori ji. Yaron ne ya fara magana, kansa a sunkuye: "Yallaɓai, na ga gudun ya yi yawa, sai na ɗauka ka gani." Dattijon ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Ɗana, ban gani ba, idona na kan neman titi. In mun fita waje ka girmama ni yadda ka saba. A cikin nan, in ka ga abu ka ɗaga murya, in ban ji ba ka karɓe jirgin."

Mu da aka tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, wannan darasi yana mana nauyi fiye da kowane maɓalli. Amma ba mu kaɗai ba ne. A tsibirin Tenerife a 1977, injiniyan jirgin KLM mai shirin tashi ya tambaya ko wani jirgin da ke gabansu ya bar titi, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba wanda ya sake musawa, jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka mutu. Wani binciken gidauniyar Flight Safety Foundation ya nuna cewa a duniya baki ɗaya, kusan uku cikin ɗari ne kawai na saukar da ba ta daidaita ba ake fasawa. Sauran duk ana ci gaba, ana fatan alheri. Shi ya sa nake ganin mafi amfanin abin da fasaha ta ba malami shi ne hoton da ake maimaitawa bayan zama. Da bakina ne zan gaya wa dattijon nan, da wataƙila ya yi gardama.

Yanzu bincike ya matsa zuwa ido. Ana saka ƙananan kyamarori a allon gaba, suna bin ƙwayar idon matuƙi, su nuna wa malami inda yake kallo a kowace daƙiƙa. Daga kujerar baya ƙeya kawai nake gani, sai dai in yi hasashe. Da na zauna a zaman da aka yi amfani da wannan na'ura, na ga abin da na daɗe ina zargi: idan ɗalibi ya firgita, idonsa yakan manne a agogo ɗaya ya bar sauran, sau da yawa gudu ne yake bari. Da zarar ya ga hakan da kansa, gyaran ba ya ɗaukar lokaci. Ina da damuwa ɗaya a kai, kuma ba ƙarama ba ce. In kamfani ya fara tara waɗannan bayanai don hukunta mutum, matuƙa za su koma yi wa kyamara wasan kwaikwayo, amfanin ya tafi. Kuma ido ya sauka a kan lamba ba ya nufin ƙwaƙwalwa ta ɗauka.

Sai kuma tabarau mai nuna duniyar kwaikwayo, wanda ake ɗaurawa a fuska. Sojan saman Amurka sun fara gwada shi sosai a 2018 a Austin, don ganin ko ɗalibi zai koya da sauri in yana da na'urar a ɗakinsa. A 2021 hukumar kula da lafiyar sufurin jiragen sama ta Turai, EASA, ta amince da na'urar horo irin wannan karo na farko, ta ƙaramin helikwafta Robinson R22, wadda wani kamfanin Switzalan ya ƙera. Na gwada irinsa. Don koyon inda kowane maɓalli yake, da jerin abin da hannu zai bi kafin tashi, da saba wa ido kallon waje, yana da kyau ƙwarai. Wasu yakan sa su jiri bayan ɗan lokaci. Akwai ma tsohuwar muhawara kan ko ƙafafun nan shida sun cancanci kuɗinsu, domin binciken cibiyar Volpe a Amurka bai ga babban bambanci ba a ƙwarewar gogaggun matuƙa tsakanin horo da motsi da horo babu motsi. Ni dai ina son motsin saboda firgicin da yake kawowa, amma na daina ɗaukarsa a matsayin ma'aunin horo mai kyau.

Inda nake jan birki shi ne inda ake amfani da fasaha don gajarta horo kawai. Matuƙa da yawa sun koma Boeing 737 MAX da ɗan darasi a kan kwamfutar hannu, ba su shiga simuleta ba, ba a kuma gaya musu akwai wata na'ura da ke iya tura hancin jirgi ƙasa da kanta ba. Jirgin Lion Air ya faɗi a Indonesiya a Oktoban 2018 da mutum 189, na Ethiopian ya faɗi bayan tashi daga Addis Ababa a Maris 2019 da mutum 157. Kafin a bar jirgin ya koma sama a ƙarshen 2020, sai da aka wajabta horon simuleta.

Samari kan tambaye ni ko manhajar tuƙin jirgi ta kwamfutar gida za ta taimake su kafin su shiga makaranta. Nakan ce musu e, su koyi karanta agogo, da tsarin magana da mai kula da zirga-zirga, da bin taswirar sauka. Amma su sani waɗanda suka daɗe a kanta sukan zo da ɗabi'ar sunkuyar da kai a kan allo, malami ya sha wahala kafin ya ɗago musu ido su kalli waje, kuma jin nauyin sanda a hannu lokacin taɓa ƙasa ba a koyonsa a ɗaki. Mu kuma da ke aiki, da yawanmu har yanzu sai mun nemi biza mun tafi wata ƙasa don zaman sa'o'i kaɗan a cikin akwati, kamfani ya biya da dala. Na'urori masu araha ba za su maye gurbin wannan zaman ba, amma za su iya sa ɗalibi a Zariya ya maimaita saukar hazo sau da yawa da dare kafin ya ƙona lita ɗaya ta mai, kuma ina fatan makarantunmu da hukumar da ke ba da lasisi su zauna su tsara yadda za a ƙirga masa wannan aikin.