Ranar da Na Wanke Zannata da Hannuna

Ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah na kai hulata wajen dattijon da ke wankin hula a bakin layinmu. Ya nuna mini tulin da ke gabansa, ya ce sai bayan Sallah. Na ce a raina, wanki ne fa, ba karatun likita ba.

Na koma gida na jiƙa ta, na cuɗe ta kamar singileti, na dama sitaci mai kauri na tsoma ta ciki, sannan na kifa ta a kan gwangwanin madara na shanya. Zanna ce ɗinkin hannu, aikin Bama, lamba 22 da rabi, na saye ta a Kasuwar Kurmi da kuɗin da har yau ban gaya wa uwargida adadinsu ba. Da ta bushe, bakin ya tsuke, saman ya kumbura kamar an kifa ƙwarya. Na ɗora ta, ta tsaya can tsakar kai ta ƙi sauka. Da tsohuwar jar dara na je Idi.

Bayan Sallah na mayar masa da ita. Ya juya ta a hannu ya ce, “Alhaji, wane yaron ne ya yi maka wannan aika-aika?” Na ce, “Baba, ni ne yaron.”

A zaune nake ya gyara ta. Ashe ba a cuɗa hula. Ya zaɓo gungumen katako daidai lambarta cikin waɗanda ya jera, ya sake jiƙa ta, ya zura, ya riƙa janyo jikin ƙasa a hankali har saman ya kwanta a kan katakon sumul. Da buroshi ya wanke, sitacin ma shafa shi ya yi, kaɗan. Ya bi ɗinkin da ya haɗa saman da jiki da babban yatsa, ya ce nan ne hula take tsayuwa ko ta faɗi. In wurin ya karkace, duk kyan zare ya tashi a banza.

Ya kuma faɗa mini abin da ban so ji ba: hular ta yi mini tsawo. Doguwa irin wadda aka san Shehu Shagari da ita tana son mai cikar fuska, ni kuwa siriri ne, sai ta ƙara mini tsayi. Ya ce in riƙa danna saman ciki kaɗan, in yi mata kari a gaba. Dara ce ba ta son kari, yadda ta zo haka ake sa ta.

Hular ta dawo, sai dai wani shuɗin zare ya zuba a gefen hagu tun wankin farko. Can nake juya shi ta ƙeya.