Talata, a zaure: neman bakin da sanarwa ke fitowa

An gama yankan riɗi a gonar Baba, an jingine shi yana shan rana, don haka yau ba wanda ya nemi hannuna. Batirin sola ya cika da wuri, na ɗauki kwamfuta na koma zaure don gwada bayanin wani kayan aiki da muka haɗa wa AI, nan ne sabis ya fi kamawa a ƙauyen namu na gefen Ringim.

Manhajar da muke kula da ita ta masu sayen riɗi da zoɓo ce a kasuwannin Jigawa. Sassanta ba sa kiran juna kai tsaye. In an auna kayan manomi, sai wani sashe ya saki sanarwa a cikin Kafka, wato manhajar da ke ɗaukar saƙo tsakanin sassa, cewa an karɓi kaya. Sashen biyan kuɗi ya ji ya tura kuɗi, sashen tes ya ji ya aika wa manomin saƙo. Tamkar sanƙira ne a ƙofar fada, ya yi shelarsa ya wuce, bai san kunnen wa ta shiga ba.

Masu sauraro ba su da wuyar samu, kowa ya rubuta sunan sanarwar da yake jira. Masu saki ne a warwatse. Wani ya rubuta sunan ɓaro-ɓaro. Wani sai manhaja na gudu yake harhaɗa shi daga guntaye. Wani ma ko kusa da Kafka ba ya zuwa, a teburin rumbun bayanai yake ajiye saƙon, daga baya wani ƙaramin sashe na manhajar ya kwashe ya saki. Irin waɗannan, ko ka wuni kana buga grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, da sunan sanarwar ba za su fito ba.

Shi ya sa muka haɗa ɗan kayan aiki mai bin sawun kod, muka miƙa wa wakilin AI, wato AI mai ɗaukar kayan aiki da kansa don ya amsa tambaya, ta hanyar MCP, tsarin haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Abin da mutane ke mantawa shi ne wakilin ba ya ganin cikin kayan. Suna yake gani, da 'yan layukan bayani, da irin abin da ake zuba masa. Da waɗannan kawai yake yanke shawarar ya ɗauka ko ya bari. To yau bayanin na zauna gwadawa, iri uku: gajere, dogo, da na ukun da zan rubuta daga baya.

Na tanadi tambayoyin da mun riga mun bi amsarsu da hannu. Ga kowane bayani sai na buɗe sabuwar hira da wakilin, na ba shi tambayoyi iri ɗaya, na maimaita, domin wakilin ba ya bin hanya ɗaya kullum.

Gajeren bayanin, mai cewa kawai yana nemo sanarwa a cikin kod, bai daɗe ba ya faɗi. Sau da yawa wakilin bai ma kula shi ba, in kuma ya kira shi sai ya zuba masa sunan fayil maimakon sunan sanarwa.

Dogon ne ya tsaya mini a rai. Abokin aikina na Kano ya rubuta shi, ya tsara shi tsaf, ya jera duk abin da kayan ya iya. Wakilin ya ƙaunace shi, har tambayar da ba ta shafi sanarwa ba sai ya kira shi. Mafi muni, ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na tambaye shi ina ake sakin sanarwar karɓar kaya, ya ce wuri ɗaya ne tak, babu ko ɗar a maganarsa, alhali ga na biyun can a bayan tebur. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani zai dogara da amsar ya sauya fasalin saƙon a wuri ɗaya, ɗayan ya ci gaba da aika tsohon fasali, sashen biya ya ƙi karɓa, manomin da ya kai buhunansa tun safe ya koma gida yana duba waya babu alat.

Na ukun na rubuta shi bayan la'asar. Ya faɗi lokacin da za a kira shi, ya ba da misalin sunan sanarwa, ya ce masu saki kaɗai yake dawowa da su, da fayil da lambar layi. Sannan ya faɗi ƙarara abin da ba ya gani: sunan da aka harhaɗa, da saƙon da ya bi ta tebur, ya ce a nemi waɗannan daban. Da wannan, wakilin ya ci gaba da tono bayan amsar farko, ya samo na biyun, inda kuma bai tabbata ba ya faɗa.

Na kira abokin nawa bayan magariba. Ya ce, "Haba Malam, ai wannan tona wa kayanmu asiri ne." Na ce masa, "Malam, gara wakilin ya san inda idonmu bai kai ba, ya je ya duba da kansa." Bai gamsu duka ba, yana ganin gyara kayan ya fi gyara bayani, kuma yana da gaskiya a nan, sai dai gyaran zai ɗau lokaci, mutane kuwa gobe za su yi tambaya.

Mun tsayar cewa shi zai rubuta sababbin tambayoyi ya ɓoye mini, kada in riƙa ɗinka bayanin daidai da jarrabawar. Na roƙe shi ya sa har da sanarwar da babu mai sakinta yanzu, mu ga ko wakilin zai ce babu, ko zai ƙirƙiro.