In Na Fili Ya Yi Maka Alama, Ka Yarda da Shi

Ƙannena, da yawanku kuna cewa aikin leƙen asiri kuke so, kuma na san inda sha'awar ta samo asali: fim. Mota mai gudu, bindiga a ƙugu, mutum guda ya gagari runduna. Ni ban taɓa zama jami'in leƙen asiri ba. Aikin jarida na yi. Amma shekarun da na yi ina karɓar rahoto daga wuraren da ake rikici sun sa na tafka kurakurai irin waɗanda suka ci rayukan jami'an gaske a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sai da na karanta tarihinsu na gane Allah ne kawai ya rufa mini asiri.

A watan Yulin 1940 Birtaniya ta kafa wata hukumar sirri mai suna SOE, wadda ofishinta ke titin Baker a Landan. Aikinta tura mutane ƙasashen da Jamus ta mamaye, su haɗa kai da masu turjiya, su karɓi makaman da ake jefowa da laima cikin dare, su lalata layin dogo da masana'antu. Wanda ya fi kowa zama a bakin mutuwa shi ne mai rediyo. Na'urarsa a cikin akwati take, mai nauyi, kuma da ita zai riƙa yawo daga wannan ɗaki zuwa wancan. Da zarar ya fara buga saƙo, Jamusawa na saurare, motocinsu masu gano inda sigina ke fitowa na zagaya unguwa. Yawancin rayuwarsa jira ce da kaɗaici da sunan ƙarya, ba harbe-harbe ba.

Noor Inayat Khan, 'yar wani malamin Sufaye ɗan Indiya, ita ce mace ta farko da aka tura Faransa da wannan aiki, a watan Yunin 1943, da sunan ɓoye Madeleine. Ba ta jima da sauka ba aka fara kame mutanen ƙungiyar da aka tura ta taimaka wa. Ta ci gaba da aika saƙo daga Paris kusan ita kaɗai har watan Oktoba, lokacin da aka ci amanarta aka kama ta. A wurin tambaya ba ta tona asirin kowa ba, ta yi yunƙurin gudu, aka kai ta kurkukun Pforzheim aka ɗaure ta da sarƙa, daga ƙarshe aka kashe ta a sansanin Dachau ranar 13 ga Satumba 1944. Jaruma ce, babu mai musu. Sai dai a ɗakinta an tarar da littattafan da take kwafe saƙonnin da ta aika da waɗanda ta karɓa. Da su Jamusawa suka kwaikwayi salonta, suka ci gaba da magana da Landan da sunanta, har aka turo wasu jami'ai suka sauka kai tsaye a hannun abokan gaba.

Irin littafin nan ni ma na ajiye, a cikin waya. Mutanen da ke ba ni labari a ɓoye, kowa na rubuta shi da cikakken sunansa da garinsu, don kada in rikice. Ban goge saƙo ko ɗaya ba, wai ko za a nemi hujja. Wata rana masu bindiga suka tare mu a hanya suka karɓe wayoyi. Daren nan da wayar aro na kwana ina neman waɗanda na iya tuna lambarsu ina faɗa musu su yi hattara. Akwai wanda dole ya kwashe iyalinsa ya bar gari, kuma har yau bai koma ba. Ni da na yi sakacin ban rasa komai ba sai waya. Saboda haka duk wanda ya ba ka amanar magana, kada ka rubuta shi a inda wani zai iya karantawa. Abin da ka gama da shi, goge shi. Kuma ka bar zuwa majalisa kana nuna kai ne ka san na ciki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa a zaune na yi shi, ƙarƙashin fanka, da shayi a gabana.

Kowane mai rediyo na SOE ana ba shi wata alama kafin ya tafi: wani kuskure da zai riƙa sakawa da gangan a wuri sananne cikin kowane saƙo. In saƙo ya zo babu alamar, ma'anarsa an kama shi, ana tilasta masa rubutawa. A watan Maris 1942 Jamusawa suka kama wani mai rediyon SOE, Hubertus Lauwers, a birnin Hague na ƙasar Holan. Manjo Hermann Giskes, jami'in leƙen asirin sojan Jamus, ya sa shi ya ci gaba da aika saƙo. Lauwers ya yarda ne don ya tabbata Landan za ta ga alamarsa ba daidai take ba, ta gane. Ya yi abin da aka koya masa. Landan ta gani, ta ce ƙila matsalar iska ce ko gajiya, ta ci gaba da turo mutane da makamai da kuɗi. Jami'ai fiye da 50 suka sauko da laima suka tarar da Jamusawa na jiransu a fili, kuma akasarinsu a sansanin Mauthausen aka kashe su cikin Satumba 1944.

Ba a rasa wanda ya ankara ba. Leo Marks, matashin da ke kula da rubutun sirri na hukumar, ya lura saƙonnin Holan sun cika tsabta. Mutumin da ke aiki cikin tsoro yakan yi kuskuren da ke sa saƙo ya ƙi karantuwa, amma na Holan kullum lafiya lau suke zuwa. Ya faɗa wa manyansa, ba a ɗauki mataki da wuri ba. A ɓangaren Faransa ma an yi abin da ya fi wannan muni: da aka kama wani mai rediyo, Gilbert Norman, ya aiko saƙo babu alamarsa ta gaskiya, sai Landan ta mayar masa da amsa tana tuna masa cewa ya manta da ita, alhali Jamusawa ne ke karantawa.

Ni da wani wakilinmu mun yi irin wannan yarjejeniya. Duk rahoton da zai aiko daga inda ake rikici, zai rufe da cewa a gaida Hajiya. Ran da bai faɗa ba, akwai wani tsaye a kansa. Wata rana rahoto ya zo mai zafi, irin wanda kowace kafa ke nema, babu gaisuwar Hajiya. Na lura, kada ku ce ban lura ba. Na ce a raina sauri yake yi, ga lokacin fitar da labari ya matso, ga shi ina so mu riga kowa. Na saki labarin. Ashe waɗanda suka tsare shi ne suka shifta masa abin da zai rubuta, muka yaɗa musu ƙaryarsu da sunanmu. Da aka sake shi bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, ko na ga saƙon har ƙarshe.

Wata rana wasunku za su zama masu zaman ofis, a jarida ko aikin agaji ko hukumar tsaro, wani na can fili ya dogara da ku. In alamar da kuka shirya ta ɓace, ku ɗauka mafi munin abu ne ya faru har sai kun tabbatar da akasin haka ta wata hanya daban. Kada ku tambaye shi ta layin da ake zargi. Kada ku tura kowa inda yake. In yaron da ya fi kowa ƙanƙanta a ofis ya ce wani abu ba daidai ba ne, ku saurare shi, musamman idan maganarsa za ta ɓata muku aikin da kuke alfahari da shi.

Ku kuma shirya karɓar labari marar daɗi daga bakin wanda ya tsira. A watan Agustan 1943 wasu jami'an SOE biyu, Pieter Dourlein da Ben Ubbink, suka tsere daga inda Jamusawa ke tsare da su a Haaren ta ƙasar Holan, suka kai Suwizalan, suka sanar cewa duk aikin Holan yana hannun Jamus. Giskes ya riga ya aika wa Landan saƙon ƙarya cewa su biyun sun koma yi wa Jamus aiki. Da suka isa Ingila, sai aka kulle su.