"In" na Turanci ba kullum yake kore ma'ana ba

Tankokin mai da ke bin hanyar Kachia, wajen matatar mai ta Kaduna, da yawansu an rubuta musu "Highly Inflammable" da jan fenti. Ɗalibin da aka koya wa cewa "in" a gaban kalma yana nufin "ba" zai fassara rubutun da cewa abin da ke ciki ba ya kama wuta. Alhali akasin haka ake nufi: "inflammable" da "flammable" duk abu ɗaya ne, mai saurin kamawa da wuta. Wanda ba ya kamawa shi ne "non-flammable".

Dalili kuwa, ɗafa-goshin nan, wato "in" da ake manna wa farkon kalma, iri biyu ne, rubutu kawai ya haɗa su. Na farko yana korewa: "correct" ya koma "incorrect", "complete" ya koma "incomplete". Na biyu ma'anarsa ciki ko shigarwa, kamar a "inject", "include" da "inhale". "Inflammable" daga na biyun ya fito, daga kalmar Latin mai nufin cinna wa abu wuta.

Wani wurin da ake iya zubar da maki a WAEC da NECO shi ne sauyawar harafin ƙarshe na ɗafa-goshin. Gaban b, m da p, n ɗin yana komawa m: "impossible", "imbalance", "immature". Gaban l ya zama "il", kamar "illegal". Gaban r ya zama "ir", kamar "irregular". Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, don mu ma muna rubuta "gidan biki" amma baki "gidam biki" yake furtawa. Bambancin shi ne Turanci ya shigar da sauyin cikin rubutu. Shi ya sa "illegal" ke da l biyu, "immature" m biyu: ɗaya na ɗafa-goshi ne, ɗaya na asalin kalmar. Sai dai a kula da "input", wanda n ɗinsa bai sauya ba, saboda kalmar "in" ce ta Turanci aka manna wa "put".

Akwai kuma 'yan tarko. "Invaluable" ba marar amfani ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. "Infamous" wanda ya yi ƙaurin suna ne, ba wanda ba a sani ba. A ce "unable" amma "inability", "unjust" amma "injustice". Waɗannan haddace su ya fi neman musu doka.

Idan "in" ya tsaya shi kaɗai, aikinsa ya fi sauƙi. Gari da ƙasa shi ake sa wa: "in Kaduna", "in Nigeria", amma takamaiman wuri "at Kawo motor park". Shekara da wata ma nasa ne, "in 2016", "in July", sai rana ta ɗauki "on", awa ta ɗauki "at". Abin hawa kuwa, "in a car" ake cewa, amma jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja "on the train" ne. Wanda ya isa tasha "in time" ya iso ne kafin jirgi ya tashi. Jirgin da ya tashi "on time" kuwa bai saɓa lokacin da aka tsara masa ba.