Sunaye shida a littafin aljihu

A cikin tasi na koyi wasan besbol. Na daɗe ina tuƙi a unguwar Bronx da ke birnin Niyok, kuma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba da wuya dare ya yi ba a saka wasa a rediyo ba, tunda kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a kaka guda. In ka ɗauki fasinja a bakin filin Yankees da ke titi na 161, ba shi da wata hira sai ta wasan da ya fito kallo. Wanda ya zaunar da ni ya warware mini abin da nake ji a rediyon wani abokin aikina ne, mutumin Jamhuriyar Dominika, ƙasar da yaro yake tasowa da sandar bugu a hannu kamar yadda namu suke tasowa da tamola. Shi ya kawo shawarar cewa duk shekara, kafin a fara kaka, kowannenmu ya rubuta sunayen waɗanda yake ganin za su ci kyaututtukan ƙarshen shekara. Tun ranar farko na gaya masa ba za mu sa ko sisi ba, ni ba na caca. Ya ce ba kuɗi yake nema ba, so yake ya ga ko na fara gane wasan.

Sunaye shida muke rubutawa. Babbar gasar Amurka tana da ƙungiyoyi 30 a rukuni biyu, American League da National League, kuma a kowane rukuni ana ba da kyautar gwarzon ɗan wasa, da kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, wato masu wurga wa mai bugu ƙwallo, da kyautar gwarzon sabbin shiga. 'Yan jaridar da suke bin wasan ne suke zaɓe, mutum 30 a kan kowace kyauta, biyu daga kowane garin da yake da ƙungiya a rukunin. Suna miƙa ƙuri'unsu kafin a shiga wasannin fitar da zakara na Oktoba, sai a Nuwamba a sanar da sakamako.

A farkon Maris ɗin 2024, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, na buɗe littafina na cika layi shida cikin abin da bai fi minti goma ba. Gani nake lamarin a fili yake. Ronald Acuña na Atlanta ya gama kakar 2023 da hom ran 41, wato bugun da yake tsallake katanga, ya kuma saci tasha 73, wato zaburawa daga tasha zuwa ta gaba ba tare da jiran bugu ba, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa. Na rubuta shi a layin gwarzon ɗan wasa. A ɗaya rukunin na rubuta Juan Soto, wanda Yankees suka ɗauko a lokacin, kuma ba zan ɓoye ba, son unguwa ya shiga ciki. A masu jifa na sa Spencer Strider, wanda ya ci wasa 20 ya fitar da masu bugu 281 a shekarar da ta gabata, da Gerrit Cole, wanda ya ɗauki Cy Young ta 2023 ba tare da ko mai zaɓe ɗaya ya ba wani ƙuri'ar farko ba, wato kowa shi ya sa a saman jerinsa. A sabbin shiga na sa Jackson Holliday na Baltimore, yaron da kowa yake cewa babu kamarsa a ƙananan gasa, da Yoshinobu Yamamoto, wanda Dodgers na Los Angeles suka ɗauko daga Japan a kan dala miliyan 325 na shekara 12.

Ko ɗaya ban ci ba.

Tun ba a fara kakar ba aka ce gwiwar hannun Cole ta sami matsala, bai dawo ba sai 19 ga Yuni. Strider wasa biyu ya yi aka shiga da shi tiyata, kakarsa ta ƙare a Afrilu. Holliday ya hau babbar gasa yana da shekara 20, ya tsaya bugu sau 34 ya dace sau 2 kacal, aka mayar da shi ƙasa ya ƙara koyo. Yamamoto a wasansa na farko, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, aka ci maki 5 a kansa cikin zagaye ɗaya daga cikin taran da ake yi a wasa. Ya farfaɗo daga baya, sai kafaɗa ta kwantar da shi daga Yuni zuwa Satumba. Soto kaɗai ya kai ƙarshe lafiya, ya buga hom ran 41, amma abokin wasansa Aaron Judge ya buga 58 ya kwashe ƙuri'un farko duka 30.

Na Acuña ya fi tsaya mini a rai. Ranar 26 ga Mayu, a Pittsburgh, yana shirin zabura daga tasha ta biyu, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya faɗi yana riƙe da gwiwarsa ta hagu. Jijiyar gwiwar ta tsinke, kuma shekara uku kafin nan ta dama ce ta tsinke. Da na ga hoton a waya ban tuna da littafina ba sai daga baya. Abin da ya zo mini shi ne saurayi ne mai shekara 26 da zai sake shafe watanni yana koyon taka ƙasa. Tun daga ranar nake kallon sunan da na rubuta a matsayin mutum mai ƙashi da jijiya, kuma wannan ya canza yadda nake lissafi gaba ɗaya. Da can tambayata ita ce wa ya fi kowa iyawa. Yanzu sai na fara da tambayar wa zai kai ƙarshen Satumba a tsaye, sannan in duba iyawa a cikin waɗanda suka rage. Mai jifa musamman: mutum ne da yake wurga ƙwallo da gudun kusan mil 100 a awa, sau casa'in ko ɗari a dare ɗaya, duk bayan kwana biyar, tsawon wata shida. Gwiwar hannun ɗan Adam ba don wannan aka halicce ta ba. Idan ka rubuta sunan mai jifa a watan Maris, rabin abin da ka rubuta fata ne.

Sai dai ko wannan ma bai zama doka ba, don wanda ya ci Cy Young a National League a shekarar shi ne mutumin da ya fi kowa tarihin jinya. Chris Sale yana da shekara 35, an yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2020, a 2022 haƙarƙarinsa ya tsage, ƙwallo ta karya masa yatsa, ya kuma faɗi a keke ya karya wuyan hannu. Boston suka sallama shi ga Atlanta, ya je ya ci wasa 18, ya fitar da masu bugu 225, ya ɗauki kyautar da bai taɓa ɗauka ba duk tsawon ƙuruciyarsa. Abokina ya ce da ni, “Ɗan'uwa, karayar yatsa da faɗuwa a keke ba ciwon jifa ba ne, tsautsayi ne.” Gaskiya ya faɗa. Ni na haɗa duk ciwo wuri ɗaya, alhali akwai ciwon da yake nuna jiki ya gaji, akwai wanda ƙaddara ce ta rana ɗaya.

Kuskuren da ya fi koya mini abu shi ne na Shohei Ohtani. Na san shi sarai, wa bai san shi ba, mutumin da yake jifa yake kuma bugu, wanda Dodgers suka ba dala miliyan 700. Amma an yi masa aiki a gwiwar hannu a Satumbar 2023, ba zai yi jifa ba a 2024, ba zai kuma tsaya tsaron fili ba, bugu kawai zai yi. Na bincika na ga ba a taɓa ba irin wannan ɗan wasa kyautar gwarzo ba, sai na tsallake shi da sunan tarihi. Ohtani kuwa da ya ga ba ya jifa, sai ya mayar da ƙarfinsa kan gudu. Ranar 19 ga Satumba a Miami ya tsaya bugu sau 6 ya dace sau 6, uku daga ciki hom ran, ya saci tasha biyu, ya zama mutum na farko da ya haɗa hamsin da hamsin. Ya gama da hom ran 54 da satar tasha 59, kuma duk masu zaɓe 30 suka sa shi farko. “Ba a taɓa yi ba” labarin mutanen da suka wuce ne, ni kuma na ɗauke shi kamar katanga. Masu zaɓen nan mutane ne da suke zama a filin wasa suna gani da idonsu, in abu ya girgiza su al'ada ba ta riƙe musu hannu.

Haka ma tunaninsu kan masu jifa ya daɗe da sauyawa. A da yawan wasan da mai jifa ya ci ake fara dubawa. A 2010 suka ba Félix Hernández na Seattle kyautar alhali ya ci 13 an ci shi 12, a 2018 suka ba Jacob deGrom da cin wasa 10 kawai, saboda sun yarda cewa in ƙungiyarka ba ta iya bugu, ba laifinka ba ne. Abin da suke dubawa yanzu shi ne maki nawa ake ci a kanka cikin zagaye tara, da yawan waɗanda ka fitar.

A 2025 na ƙi yin gaggawa. Na bari sai da wasannin share fage na Florida da Arizona suka kusa ƙarewa, muna tsakiyar azumi, sannan na zauna bayan sahur na rubuta. Jinkirin ya yi amfani, don a cikin Maris ɗin aka yi wa Cole tiyatar da ta cinye masa shekarar gaba ɗaya. Na rubuta Ohtani, ya ci. Na rubuta Tarik Skubal na Detroit, duk da shi ya ci a 2024, ya sake ci. Na rubuta Paul Skenes na Pittsburgh ina sane da cewa ƙungiyarsa ba za ta ci masa wasa da yawa ba. Ya gama da ci 10 da faɗuwa 10, amma matsakaicin makin da ake ci a kansa 1.97 ne, kuma babu wanda ya ba wani ƙuri'ar farko. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don a nan ne na ji na karanta zuciyar masu zaɓe daidai.

A gwarzon American League na yi wayon da bai kamata ba. Na ce 'yan jarida sun gaji da Judge, za su nemi sabuwar fuska, sai na rubuta Bobby Witt na Kansas City, wanda ya zo na biyu a 2024. Judge ya sake ɗauka. Wanda ya kusa ƙwace masa ma ba ya cikin lissafin kowa a cikinmu: Cal Raleigh na Seattle, mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallo, ya tashi daga hom ran 34 zuwa 60. Judge ya sami ƙuri'ar farko 17, Raleigh 13. Ra'ayina har yau shi ne Raleigh ya cancanta, don wanda bai taɓa ganin yadda ƙwallo take dukan cinya da yatsun macafi dare bayan dare ba, ba zai san nauyin sittin ɗin nan ba. Abokina yana ganin Judge ne, mun yi musu a kai har shayi ya huce.

Layin sabbin shiga shi ne har yanzu ban taɓa ci ba, kuma sai a ƙarshen 2025 na gane dalili. Ina duba wanda ya fi suna, alhali abin dubawa shi ne wanda ƙofa za ta buɗe masa. A 2024 Luis Gil ne ya ci a American League, kuma bai sami gurbi a cikin masu jifan Yankees ba sai don Cole ya kwanta. Ciwon da ya kashe mini layi ɗaya shi ya haifar da amsar wani layin, a ƙungiyar da nake wucewa ta bakin filinta kullum, ban gani ba. Faɗuwar wani tashin wani. A 2025 na rubuta Roki Sasaki na Dodgers, kafaɗa ta kwantar da shi a Mayu. Wanda ya ci, Drake Baldwin na Atlanta, ya fara kakar a babbar gasa ne saboda macafin ƙungiyar, Sean Murphy, ya tsage haƙarƙari a wasannin share fage. Labarin nan yana cikin jarida tun kafin in ɗauki biro. A ɗaya rukunin wanda ya ci, Nick Kurtz na Athletics, shi ma ba da shi aka fara kakar ba, sai a ƙarshen Afrilu aka kira shi, ya buga hom ran 36, huɗu daga ciki a dare ɗaya a Houston. Skenes kansa da ya ci ta sabbin shiga a 2024, sai 11 ga Mayu ya fara wasa. Jerin sunayen ranar buɗe kaka ba ya ɗauke da duk waɗanda za a yi zancensu a Nuwamba.

Yamamoto, wanda na rubuta a 2024 bai ci ba, shi ne ya ci wa Dodgers wasa uku a gasar ƙarshe ta 2025 aka ba shi gwarzon gasar. Da na ji an kira sunansa na buɗe tsohon shafin na duba rubutuna. Idona bai yi ƙarya ba game da iyawarsa, shekarar ce da kyautar ba su zo daidai ba, kuma waccan kyautar ta Oktoba daban take da wadda muke hasashe.

Littafin yana nan a aljihun ƙofar mota. Yanzu da fensir nake rubutawa, kuma mun yi yarjejeniya da abokina cewa ana iya gogewa har zuwa daren da za a buɗe kaka, bayan nan hannu ya tashi. Layi huɗu na sama nakan cika su da wuri. Biyu na ƙasa nakan bar su fari, kullum da asuba in duba wa ya ji ciwo a Florida ko Arizona, in kuma tambayi abokina wane yaro ne yake tsaye a bayansa.