Ƙafar da ba ta jin zafi

Aikin ɗakin wankin ciwo a Makka ya koya mini cewa mai ciwon suga ba a tsayawa ga tambayarsa ina ke masa ciwo. Cewa ake ya cire takalmi a gani.

Sugan da ya daɗe yana hawa a jini yakan cinye jijiyoyin ƙafa a hankali, har mutum ya daina jin ƙaya ko zafin ƙasa. Yakan kuma lalata hanyoyin jini, sai ɗan ƙaramin ciwo ya zama gyambo. Da yawa cikin alhazanmu da wannan suke tasowa daga gida ba su sani ba. Sai a fito daga Harami, silifas ya ɓace a cunkoso, dattijo ya ce ai masauki ba nisa, ya hau kwalta da rana tsaka. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka. Mai lafiya ko taku uku ba zai yi ba zai ruga inuwa, shi kuwa tafiyarsa zai yi yana zikiri.

An taɓa kawo mana wani tsoho, tari kawai ya kawo shi. Na ce, "Baba, a daure a cire safar nan." Ya ce, "Ɗana, ƙafata lafiyarta ƙalau." Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan gishiri, da ta fita fatar dunduniya ta biyo ta. Ina wankewa yana ba ni labarin gonarsa, ko gezau. Ɗansa ne ya kau da kai yana share hawaye.

Maganar da na fi ji a bakin mutanenmu, baƙi da mazauna, ita ce "ni fa ba na shan suga." Kuma da gaske suke, sun daina zuba shi a shayi. Amma ga zuma, wai ita magani ce, ga lemon kwali da ake rabawa sadaka, ga dabino ana ci ba ƙidaya, ga tiren shinkafa da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 na suga a rana, wajen cokalin shayi 12, rabin haka ma ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35. A 2017 Saudiyya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari kan lemo mai gas, amma har gobe shi ake fara miƙa wa baƙo a gidajenmu, don a ganinmu karramawa ce.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne masu ajiye magani saboda sun sha zamzam. Ba na musu da kowa a kan albarkar zamzam, ni ma shi nake sha. Cewa nake, "Hajiya, ki haɗiyi ƙwayar da shi." Masu allurar insulin kuma, zafi yana kashe mata ƙarfi, ba a barin ta a jakar da ta wuni a rana. In tafiya ta yi yawa ba a ci abinci ba, suga kan faɗi ƙasa da 70 a na'urar gwajin suga, jiki ya hau rawa, gumi ya karyo. A nan ne dabino uku a aljihu ke ceton rai.

'Yan'uwanmu mazauna, su gwajin wata uku nake roƙon su yi, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini duk tsawon lokacin, don ba a yi masa dabarar ƙin cin abinci ana gobe ganin likita. Ga yawancin mutane ƙasa da kashi 7 ake nema. A duba ido da ƙoda sau ɗaya a shekara ko da ba a jin komai, domin su ma shiru suke lalacewa. Wanda ƙodarsa ta tsaya, sau uku a mako zai riƙa kwanciya a jikin na'urar wankin ƙoda, kowane zuwa kusan awa huɗu.