Ɗaukar hoton bikin masunta na Gulosta

Mai hoto a Sakkwato da ya saba da Argungu ba zai ji baƙunta ba a bikin Waliyyi Bitrus da masunta 'yan asalin Italiya ke yi a Gulosta, Amurka, ƙarshen watan Yuni, tun 1927.

Aikin yana wajen gasar tafiya kan gungume mai maiƙo da ke cikin teku. Daga gaɓa sai da madubin kyamara mai jawo abu daga nesa (milimita 300), saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba mai faɗawa ruwa zai fito dishi-dishi. Ƙyallin ruwa yana ruɗar kyamara ta duhunta fuskoki, sai ka ƙara haske mataki ɗaya. Feshin ruwan gishiri a kan madubin kyamara kuwa, goge shi da ƙyalle mai laushi, kada ka kuskura ka sa hannun riga.